Guntuwar Igiyar da Kawu Sabo Ya Ɓoye

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don Allah a sakaya sunana, garinmu kowa ya san kowa, sunayen da zan ambata ma na canza su. Don Allah ku ba ni shawara, wata huɗu ke nan ina ɗauke da abu a ƙirjina, abinci ma sai dai in tura kawai.

Ni mace ce, ina koyarwa a wata firamare a Gwarzo, tun rasuwar mijina na dawo gidanmu nake kula da Babanmu. Baba tsohon malamin gona ne, kuma yana da wata doguwar mota baƙa 'yar Jamus, otomatik, wadda ya saya ta hannu a shekarun da aka kawo Shari'a Kano, ina 'yar makaranta. Dattijuwa yake ce mata. Yanzu da fetur ya zama abin da ya zama ba ya fita da ita sai Juma'a, da kuma in zai leƙa gonarsa a Getso, amma kullum da safe sai ya tashe ta ya goge ta da hannunsa. Shekara uku da suka wuce hawan jini ya shanye masa ɓarin hagu, hannun ya dawo, ƙafar ta ƙi. To tunda motar ba ta da kuloci, da ƙafar dama kawai yake tuƙa abarsa. Ita ce kaɗai abin da ya rage masa da yake yi ba tare da an riƙe shi ba.

Wanda yake duba motar tun zuwanta shi ne Kawu Sabo bakanike. Ba mu haɗa jini ba, amma aminin Baba ne tun ba a haife ni ba, kullum bayan la'asar tabarma ɗaya suke zama a ƙofar gidanmu. Har alkawari suka yi, kowa a gidan ya sani, cewa duk wanda ya riga mutuwa ɗayan ne zai yi masa wanka.

Kafin abin ya faru da kamar wata guda, Kawu Sabo ya dage sai an canza man giya, wannan jan man, ya ce ya tsufa ya fara duhu. Baba bai so ba, shi a wajensa tsohuwar otomatik ba a taɓa mata man giya, ana taɓawa ta mutu, haka ya ji tun da, haka kuma yawancin mutanen nan suke faɗa. Sun sha musu a kai, daga baya Baba ya haƙura aka canza, mota kuma ta ci gaba da tafiya lafiya ƙalau.

Sai jikin Baba ya motsa, yayana Kabiru ya zo ya tafi da shi asibiti Kano, aka kwantar da shi kwana takwas. Makullin motar yana hannuna, don duk cikin 'ya'yansa ni kaɗai ya koya wa tuƙi da ita, amma ya ce kada ta fita sai ya dawo. Ni kuma ƙawata tana aurar da 'yarta a Kabo, zuciya ta ce min haba wance, ki je a a-kori-kura ga mota a gida? Wallahi ba wata lalura, son a gan ni ne kawai, gara in faɗa muku gaskiya. Gidan mai babu mai, na sayi galan a hannun 'yan bumburutu na tafi. Da aka tashi biki motar ta yi ta shiƙa ta mutu, ashe man da ruwa a ciki. Mutane suka taru suka tura, suka tura, ta ƙi tashi, ni ban ma san ba a tura otomatik ba. Wani mai a-kori-kura ya ce abu mai sauƙi, ya ɗauro shuɗiyar igiya a ƙugiyar da ke ƙasan bamba, na sa giya a firi, ya ja ni tun daga Kabo har ƙofar gidanmu a Gwarzo, kuma da gudu, don yana sauri ya kai kaya. Ƙullin ya ƙi kwancewa, ya sa wuƙa ya yanke igiyarsa ya tafi. Ban kira Kawu Sabo ba don kada Baba ya ji, wani na samo daga bakin tasha ya wanke tankin, injin ya tashi, na ce shi ke nan na tsira.

Da aka sallamo Baba, Juma'ar farko ya ce shi zai tuƙa kansa masallaci. Tun a gida in ya sa giya sai ta yi jim kafin ta fizga. Da aka idar da sallah ya shiga, ya taka, injin yana ta kuka motar ko motsi, ribas ma ta ƙi. A gaban jama'a aka fito da shi aka ɗora a babur, mutumin da bai taɓa yarda a ga gazawarsa ba. Ina tsakar gida aka shigo da shi, hularsa ma a hannun wani take.

Washegari Kawu Sabo ya je inda motar take, ni na kai masa makulli, Baba yana zaune a kujera a gefe. Ya zaro sandar awon man giya ya shinshina, na ga fuskarsa ta canza. Ya shiga ƙasa ya kwance farantin ƙasan giyar, man da ya zuba ja garau ya fito baƙi ƙirin yana warin ƙuna, ga ɓurɓushin ƙarfe kamar an barbaɗa. Da zai fito ta gaba sai ya tsaya, na ga hannunsa ya kai ƙasan bamba, ya ɗan jima yana kwance wani abu, ya cusa a aljihu. Ya ɗago ya kalle ni sau ɗaya. Sannan ya ce wa Baba giyar ta ƙone, gyara ba zai yi ba sai dai a sauke a sa wata.

A nan Baba ya fashe. Ya ce ai ya faɗa, ya ce kada a taɓa man nan aka taɓa, ya ce shekara da shekaru ashe da ɗan koyo yake zaune, ya ce an kashe masa ƙafarsa ta biyu, kada ya sake ganin sa a ƙofar gidansa. Duk a gaban mutane. Kawu Sabo ya ce Allah ya huci zuciyarka Alhaji, ya tattara sifanunsa. Ni ina tsaye, wallahi sau biyu na so in faɗi zancen Kabo amma na ƙyale shi ya tafi.

Bayan kwana biyu na same shi a gareji. Ya zaro guntuwar shuɗiyar igiyar nan ya sa min a hannu, ya tambaye ni daga ina aka jawo ta. Na ce Kabo. Ya girgiza kai, ya yi min bayani a hankali kamar yana koya wa ɗaliba, cewa irin wannan giyar sai injin yana aiki mai yake zagayawa a cikinta, in aka ja ta a mace tayoyi suna juya ta a bushe, tafiyar nan kaɗai ta isa ta cinye ta. Na fara kuka na ce zan je in faɗa. Ya ce a'a ɗiyata, mutumin da ya fito daga asibiti jiya, ke ce mai ba shi magani, ke ce mai ɗaga shi, in ya yi fushi da ke wa zai kama? Ya ce shi in an yi fushi da shi ba abin da zai ragu a gidan. Ni kuma na karɓi maganar nan da sauri, don ta yi min daɗi, wannan ma yana cikin abin da yake ci na.

Yaya Kabiru ya ce a mayar da ita manuwal kawai, ya fi sauƙi, kowa ma haka yake yi yanzu. Na ce da wace ƙafar Baba zai taka kuloci? Muka yi ta ja, ya ce to in na iya in yi. Na sayar da tumakina, na koma wajen Kawu Sabo, don duk yankin nan ba wanda ya san cikin motar nan kamar shi. Ya sa aka ɗora ta a kan babbar mota aka kai garejin wani abokinsa a Kabo, muka ce wa Baba Kano aka kai ta. Da kansa ya je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ya duba giya har uku 'yan Beljiyam, yana shinshina mansu yana juya su da hannu kafin ya zaɓi ɗaya. Kwana tara yana hawa motar haya zuwa Kabo, dattijo mai ciwon baya, yana kwanciya a ƙasan mota, garejinsa a rufe. Da ya gama ya zagaya da ita, ya ce in saurara, ta shiga ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ko alamar fizga babu. Ya shafa sitiyarin ya ba ni makulli, ko ladan hannunsa ya ƙi karɓa.

Yanzu abin ya fi da muni. Baba ya samu abin faɗa, duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce masa je ka ji aikin mutanen Kano, masu sana'a ke nan ba 'yan kame-kame ba. Maganarsa kuma tana da nauyi a garin, na san mutum biyu da suka ɗauke motocinsu daga wajen Kawu Sabo. Ran nan ina gefen Baba a mota ya bi ta gaban garejin da gangan, ya rage gudu. Kawu Sabo ya miƙe da baƙin mai a hannu ya ɗaga masa hannu, Baba ya kau da kai. Ta madubi na ga Kawu Sabo bai zauna ba, ya karkata kai yana sauraron yadda giyar take shiga har muka sha kwana.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, shekaranjiya bayan na ba Baba maganinsa ya ce in zauna. Ya ce jikin nan yana jin sa, kuma ni ce a kusa, to in zama shaida, in ta Allah ta kasance kada a bar Sabo ya taɓa gawarsa, ya janye alkawarin. Ya ce in ce na ji. Na ce na ji Baba.

Na koma wajen Kawu Sabo ban iya faɗa masa wannan ba, na dai ce zan faɗa wa Baba gaskiya, ya ce in na faɗa wani abu ya samu Alhaji shi ba zai yafe wa kansa ba. Likita kuma ya ja mana kunne a kan duk abin da zai tayar masa da hankali. Amma in na yi shiru Baba zai tafi da ƙullin mutumin da bai yi masa komai ba sai alheri, kuma ni na ƙulla. Ina koya wa yara kada su yi ƙarya da safe, in dawo in wanke wa Baba mota da yamma, wallahi na tsani kaina.

Don Allah ku faɗa min, in faɗa masa? In zan faɗa, ni kaɗai, ko in nemo limamin unguwarmu ya zauna a tsakani? Masu ilimi, alkawarin da na ce na ji, ya hau kaina ne alhali na san a kan ƙarya aka gina shi? Zagi ma in kun yi na karɓa, na cancanta, amma ku haɗa da shawara, don jikin Baba ba ya jira.

Igiyar tana cikin jakata har yanzu. Tabarmar la'asar kuma kullum ni nake shimfiɗa wa Baba a ƙofar gida, kuma har yau a gefe ɗaya yake zama, ya bar rabin.