Haƙoran Mijinki Biyu

Zuwa ga ƙanwata,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafar nan. Mu nan muna numfashi dai, daga ɗaukar kwali sai barci.

Mijinki zai ce miki faɗowa ya yi daga tsani a wurin aiki, shi ya sa kwana biyar bai kira ki ba. Asirina yake rufawa. Ni na fasa masa baki.

Akwai wani wasan yaƙi na mutum biyu da ya sayo, muna yi a teburin ɗakinmu ranar hutu. Kowa da tarin katinsa, kowane kati soja ne, kana ƙaro sababbi kana tura su su ƙwace gada ko tudu. Wanda aka harbe sai a jefa katinsa cikin akwati. Mijinki ya iya wasan. Da gangan yake tura raunana gaba a kashe su, don masu manyan bindigogi kaɗai su rage masa. Rannan ya tura uku a jere yana dariya, wai haka kwamanda mai hankali yake rage kaya, wai ai ni tsohon soja na fi shi sani.

Na fi shi sani kuwa. Lokacin da nake soja, mu tara aka tura gaba a wani kwari, mu biyu muka dawo, na biyun ma a kafaɗata, hanjinsa ɗaure cikin rigata. Ban san sanda na kifar da teburin ba. Na haɗa shi da bango, na yi ta naushi har haƙoransa biyu suka faɗo cikin katunan. Maƙwabcinmu direba ne ya ɓalle ƙofa ya ɓamɓare ni daga wuyansa.

Tsakani da Allah bai san labarin ba, ko ke ban taɓa gaya miki ba. Kuma shi ya samo min aikin nan. Ɗinki shida likita ya yi masa. Ni nake ba shi abinci da cokali, yana karɓa, amma da na ɗaga hannu sai ya kare fuska.

Ya ce in zauna, komai ya wuce. Ban yarda da maganarsa ba, tsoro ne yake magana da bakinsa. Ke ce matarsa. In kin ce in bar ɗakin, a ranar zan tattara kayana.

Ki gaida Kawu da Goggo da 'yar autarki. Inna kuma ki gaishe ta da baki kawai, kada ki karanta mata wannan.

Yayanki mai jiran hukuncinki.