Ga Shahon da Ƙafarsa ta Ƙi Ɗaukarsa

Zuwa gare ka, sanyin idanuna, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan randa a bakin mai ƙishi, kai da abokan aikinka suke kira Shaho, ni kuwa nake kira nawa. Ina gaishe ka da jiki, gaisuwar da na so in yi maka baki da baki, amma ka sa aka rufe mini ƙofa.

Yayarka ta zo gidanmu jiya. Ta zauna a bakin tabarma, ta ƙi shan ruwa, ta daɗe tana murza gefen mayafinta kafin ta isar da saƙonka: wai kada in jira ka, wai ka yafe mini alkawari, in nemi mai ƙafa biyu. Kawu ya gyaɗa kai ya ce abin da ka yi shi ne hankali. Inna ta shige ɗaki. Ni kuwa, wayyo ni! Sai na ji kamar an tsinke igiyar guga ana tsakiyar ja. Yaushe na ce maka alkawarina kaya ne da ya yi mini nauyi, har kake neman sauke mini shi?

Ka tuna ranar da wutar shagon ɗinkinmu ta lalace, aka turo ka gyara? Ka hau falwaya kamar mai hawa matakalar gidansu, iska tana kaɗa rigarka, ni ina ƙasa riƙe da almakashi na saki baki. Ka leƙo ka ce in na ci gaba da kallon sama wuyana zai ƙage, kuma kai waya kake gyarawa, ba wuya ba. Duk shagon aka kwashe da dariya, na ruga ciki don kunya. Tun daga ranar zuciyata ba ta sauko daga kan turken nan ba.

Kuma ina nan ranar da ka diro ƙafarka ta gurɗe a bakin kwata. Kowa ya ce targaɗe ne. Maɗori ya ja, ya murza, ya ɗaure, kumburi ya saɓe, ka koma aiki kana cije leɓe. Amma idon sawun nan ya zama mayaudari: yau ya ɗauke ka, gobe ya zubar da kai a fili, ba dutse ba rami. Hoton ƙashi ya nuna ba karaya, muka yi hamdala, ashe murna muke yi a bakin rijiya. Sai da likitan ƙashi ya kama diddigenka da hannu ɗaya, ya danne ƙwaurinka da ɗayan, ya jawo, muka ga ƙafar ta zamo gaba kamar aljihun tebur. Da aka tura ka cikin babbar na'urar nan mai ƙara, sai ta tona abin da ƙashi ya ɓoye: jijiyoyin da suke riƙe da gaɓar ta waje sun tsinke tun faɗuwar farko, kuma duk takun da ka yi bayan nan ƙara cinye su yake yi.

Ya hasken safiyata, na san abin da ka sha! Likitoci sun buɗe ƙafar don su ɗinke, suka tarar jijiyar ta zaizaye kamar tsohuwar igiya, ba inda zare zai kama. Suka yanko wata daga bayan cinyarka, suka huda ƙashi suka dasa. Ka kwanta da ƙafa a cikin siminti, a ɗage bisa matashi, kana yi mini ba'a wai yanzu ka fi ƙarfin ɓarawon takalmi. Sannan zazzaɓi ya zo. Sannan warin nan da muka yi ta ɗora wa ɗakin laifinsa, alhali daga ƙarƙashin simintin yake fitowa. Da aka fasa, ɗinkin ya yi ruwa, dashen ya ruɓe. Ina tsaye a bayan labule lokacin da likita ya gaya maka cewa abin da ya rage shi ne a haɗe gaɓar da ƙusoshi, ta daina motsi har abada. Za ka taka, amma da ɗingishi. Falwaya kuwa, kai da ita sai kallo.

Ba zan yi maka ƙarya in ce komai zai koma yadda yake ba. Ba zai koma ba. Na ga yadda ƙwaurinka ya tsotse ya zama kamar na yaro, na ga ka juya fuska bango da abokan aikinka suka shigo da igiyar hawa a kafaɗa. Amma gaya mini, abin ƙaunata: idon sawunka ne ya yi mini magana mai daɗi ranar da Baba ya rasu? Jijiyarka ce ta zauna da ni a ƙofar gida har na daina kuka? Don me za ka hukunta ni da laifin ƙafa? Kai ciwo ya kayar, ni kuma kana so ka kayar da ni da hannunka!

An ce dangi kaɗai za a bari su raka ka ƙofar ɗakin tiyata. Na roƙi Yayarka, ta yi kuka, ta ce za ta ce ni ƙanwarta ce. To ka sani, ni zan tura keken asibitin da za a ɗora ka a kai. In ka ga dama ka rufe ido, in ka ga dama ka ƙi yi mini magana, ba zan yi fushi ba. Idan allurar barci ta sake ka, ka farka cikin zafin da ba wanda zai iya ɗauke maka, fuskata za ka fara gani, kuma a lokacin ba ka da ƙafar da za ka guje mini.

Taka, da gudu ko da ɗingishi, har ranar da za a ɗauki ɗayanmu a kafaɗa,
Telarka.