Ranar da aka karrama Yaya Sule

Madarumfa, daren Asabar.

Yau aka karrama Yaya Sule, har perefe, shugaban gundumarmu, ya zo. Aka yi ta yabonsa, wai shekara da shekaru yana binciken yadda magani ke aiki a zuciya da jijiyoyin jini, ɗalibansa sun cika asibitoci. Kowa na tafa masa, ni hannuna ya ƙi ɗaguwa. Hawan jinin da ya yi suna a kansa, shi ya kwantar da Inna damina biyu. Ni kaɗai na yi jinyarta, ko jana'izarta bai zo ba.

Da magariba muna cin tuwo Yaya ya tambaye ni, "Hadiza, wane magani kuka ba ta?"

Na ce, "Wanda muka samu, Yaya. Naka bai iso Madarumfa ba."

Ya ture tuwon ya fita. Ban bi shi ba.