Sakin da Ka Sa a Hannuna

Zuwa ga Mohannad, angona da ban tare a ɗakinsa ba, sanyin idona, ruwan Zamzam da na tallabo da hannu biyu ya tsiyaye ta tsakanin yatsuna. Gaisuwa daga Jidda, daga gidan mahaifina a Mahjar, inda kayan ɗakina ke ɗaure cikin kwalaye har yau.

Da gangan na rubuto maka da Hausa, masoyi. Na san taka ba ta wuce gaisuwa da sunayen abinci ba, ɗan abin da kakanka ya bar muku bayan ya gama aikin hajji ya zarce Ƙudus, nawa kakan kuwa ya tsaya nan. Ka zauna ka warware ta kalma bayan kalma. Ina za ka je? Alƙali ya yanke maka ɗaurin rai da rai har sau uku, ai yanzu babu abin da kake da shi kamar lokaci.

Ka tuna ranar milkarmu, ranar ɗaurin aurenmu? Ka zo umara, aka ɗaura mana aure bayan la'asar, aka ce tarewa sai an sauko daga babbar salla. Yayana Ubale ya kawo tsire daga Kurayyat, ka dinga cika baki wai jinin Hausawa ne a jikinka, yaji bai isa ya razana ka ba. Tsinke biyu ka ci, hawaye suka wanke maka fuska. Na miƙa maka gefen mayafina ina danne dariya, na ce a raina namijin da barkono ke sa shi kuka ba zai taɓa sa ni kuka ba. Ka ji wautar mai ƙunshi.

Ina cikin zana wa wata amarya lalle a Aziziyya labarin ya fito a wayar ƙawarta. An buɗe wa sojoji wuta a wata tashar bas can wajenku, suna hanyar zuwa gida hutu, uku sun mutu. Sai aka nuno wanda aka kama, an danne shi a ƙasa da gwiwa, sanye da rigar da na yi wa aikin wuya da hannuna. Ban bari zanen ya karkace ba. Na ƙarasa furen har ƙarshensa, tunda amarya ba ta yi mini laifin komai ba.

Na san abin da za ka ce, ya hasken safiyata. Tariq. Na san ƙanenka ne, na san a shingen bincike aka harbe shi riƙe da ledar burodi, na taya ka kukansa ta waya har muryata ta dushe. Ban manta ba, ban kuma yafe wa wanda ya yi ba. To faɗa mini, Tariq ya tashi? Na nemo hotunan mutum ukun nan na dube su ɗaya bayan ɗaya, tunda kai ba ka tsaya dubawa ba. Ɗaya yarinya ce da ba ta kai ni shekaru ba, jakarta cike da kayan wanki za ta kai wa uwarta. Taka uwar kuwa hukuma ta toshe ƙofar ɗakinta da kankare saboda abin da ka aikata, tana raɓe a gidan maƙwabta da ciwon ƙafarta. Ta faɗo maka a rai ranar? Ni fa?

A nan har barka ake zuwa yi mini. Wata ta sumbaci goshina ta ce na auri zaki, Umma ta rasa abin tarbar baƙi ta buɗe alewar da aka ajiye don bikinmu. Ni ban san wani zaki ba. Mutum na aura, mai kukan yaji, wanda ya ce in jira shi wata huɗu.

Makon jiya lauyanka ya kira mahaifina. Wai ka sa sakina a hannuna, duk ranar da na ga dama in furta in kama gabana. Mahaifina har ya yi hamdala, ya ce yaron nan ya san mutunci. Malamin unguwa ya ce ya halatta, kuma tunda ban tare ba ko idda babu a kaina. Abdulmohsen mai shagon turare, wanda ka riga shi zuwa gidanmu, tuni ya fara gai da Ubale da hannu biyu.

Mutunci! Yatsan da ya ja kunamar bindiga ne ya kasa riƙe alƙalami ya rubuta "na sake ki"? So kake ni in tsinke igiyar, ka samu ka kwanta kana cewa Latifatu ce ta gaji ta tafi, kai ka cika alkawari. Ka yanke wa mutum uku hukunci ba ka shawarci kowa ba, sai a kaina ne ka tuna akwai shawara.

Ba zan furta ba, zumar bakina, ƙayar ƙafata. Ina sonka, kuma wannan ita ce masifar, son bai ragu ko da ƙwayar gero ba. Saboda haka zan zauna. Duk shekara zan aiko maka hotona, ka ga inda furfura ta fara, ka ga yadda hannun da ke ƙawata amaren wasu ke tamoji. Ka tuna Joud, 'yar da muka raɗa wa suna a bakin teku tun ba a yi cikinta ba? Zan riƙa sanar da kai shekarunta. Bana da ta fara tafiya, bana da ta shiga makaranta, bana da ni zan zana mata lalle.

In ka ji ba za ka iya ɗauka ba, hanya a buɗe take. Kalmomi uku ne, ga su nan na rubuta maka a sama, kwafa kawai za ka yi da hannun nan naka da ba ya rawa.

Har ranar da za ka iya, ko ranar da za a fita da makarata daga gidan nan, babu wani namiji sai kai.

Matarka,
Latifatu