Agogonku Ya Hana Ni Sujada

Zuwa ga mai girma Mushe Dirakta na kamfanin da ke ɗaura wa tsofaffi agogon tsaro a nan Yamai.

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya aiki, yaya iyali? Ni ce tsohuwar unguwar Yantala da yaranka suka ɗaura wa baƙin agogo bayan Sallar Layya. Bokona na yaƙi da jahilci ne, in harafi ya karkace ka miƙe shi da kanka.

Ba zan ɓoye ba, bara na zame a makewayi, na daɗe ina kira ba wanda ya ji. Shi ya sa babban ɗana da ke Faransa ya neme ku. Aka ce in na faɗi, agogon zai kira shi, ya kira ƴata Balki, ya kira maƙwabcina Isufu tela. Na ce madalla, na samu miji mai kula da tsufana. Ashe mijin ɗan kai ƙara ne. Ga laifuffukansa:

1. Bai san sujada ba. Gwiwoyina sun gaji, ba sauka nake ba, zubewa nake kamar buhun gero, kuma ba na ɗago goshi sai na roƙa wa kowane jika nasa. Wata Juma'a ina La'asar ya ɗauki kuka. An ce in danna buton in lafiya nake. Mushe, a tsakar salla? Isufu ya hauro katanga, wando ya yage, ya tarar da ni ina tahiya. Na ce masa tunda ya haura katangar bazawara, ya kawo sadaki. Har yau sunkuyar da kai yake.

2. Na ɗaga taɓarya zan daka ƙuli-ƙulin kopto, kwaɗon zogalen da nake yi, bugu uku, sai ga waya daga Faransa.

3. Wannan babu dariya a ciki. Yaranka sun zana mini iyaka a cikin waya, daga ƙofata zuwa masallacin kartiye, wato unguwarmu, in na wuce nan agogon ya kai ƙara. Aminiyata Fati ta rasu a Tondibia, wadda muka yi shekara talatin muna kasa kaya gefe da gefe a kasuwa. Taksi bai yi nisa ba waya ta soma ruri, Balki na kuka, har direba ya zaci ruɗewar tsufa ce ta fito da ni, ya juyo da ni gida. Ban ga gawarta ba, ban zauna makokinta ba.

Ku kuwa duk kukan da agogon ya yi, "ta faɗi" kuke rubutawa. Ƴaƴana sun gaskata takardarku, ba su gaskata bakina ba. Sun yanke cewa in ya ƙara, za a rufe gidana a kai ni benen Balki a Kirkissoye. Mai gwiwa irin tawa in ya hau wannan matakala, makara ce za ta sauko da shi. In na cire agogon, nan ma ƙara yake kaiwa. Don haka yanzu a kujera nake salla, turmi a kife, ina zaune kamar kaza a kan ƙwai, ina tsoron hannuna.

Ga roƙona. Ba cewa na yi ku karɓe shi ba, na san amfaninsa, ƙasar makewayi ta koya mini. Ka turo ma'aikacin da ke salla, ya zauna ya ga rukuʼuna da sujadata, ya koya wa abin nan bambancin mai bauta da mai faɗuwa. Ka faɗaɗa iyakar ta kai Tondibia, ko ta'aziyya in yi wa ƴaƴan Fati. Mafi girma, ka rubuta wa ƴaƴana da hatiminka cewa tun da aka ɗaura shi ban faɗi ko sau ɗaya ba. Ƙarshen watan nan ɗana zai sauka, kuma na ji ya sa a sayo kwaɗon ƙofa. Don Allah takardarka ta riga shi isowa.

Allah ya yi wa aikinka albarka, ya raya maka zuri'a, ya ba ka tsufa a ɗakinka, makulli a aljihunka.

Wassalam.

Kakarka,
Zuwaira mai kopto, Yantala