Hannun Baba na Dama

Zuwa ga Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan. Ya karatu, ya ɗawainiyar marasa lafiya? Umma na gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko kina cin abinci kuwa, don a hoton da kika turo wuyanki ya ƙara tsawo. Baba ma yana gaisuwa, ya ce ki riƙa cire agogon da ya ɗaura miki kafin ki wanke hannu a asibiti.

Kin san ni da waya, daga "lafiya lau" sai "to". Shi ya sa na ɗauko biro.

Laifi na yi miki, Yaya. Littafinki mai kaurin nan, mai hotunan ƙasusuwa da tsoka, wanda kika bari a saman durowa bayan kin gama shekarar farko a makarantar jinya, yanzu ƙarƙashin matashina yake, inda littattafan soyayyata suke kwana a da.

Ga dalili. Malamar zane ta ce kowa ya kawo abin da yake zanawa a gida. Na kai mata littafina mai samarin nan goma sha huɗu da nake kwaikwaya daga bangon littattafai. Ta yi ta buɗawa shafi bayan shafi. Can sai ta ɗago ta ce, "Samarinki kyawawa ne, amma me suka ɓoye a aljihu haka? Ko duk ɓarayi ne?" Aji ya kwashe da dariya. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Gaskiya ta faɗa. Ban iya zana hannu ba. Duk saurayin da na zana hannunsa na aljihu, duk budurwa nata na bayan fure. Sau ɗaya na gwada, ya fito kamar nonon ayaba.

Malama ta ɗora min zanen hannu ɗari kafin ƙarshen zango, kuma na mutane masu rai. Ta ce ido ne ke zane, fensir rakiya kawai yake yi. Na shiga banɗaki na yi kukana mai isata, na wanke fuska, na fito da niyya. Ko yatsuna za su kumbura sai na cika ɗarin nan.

Ashe ƙashi ashirin da bakwai ne a hannu ɗaya! A littattafaina aikin hannu biyu ne kacal: miƙa fure da share hawaye. Babu marubucin da ya taɓa gaya min inda babban yatsa yake tsirowa.

Na yi goma sha ɗaya zuwa yau. Kin taɓa cewa abin da kika fi kewa shi ne zama kusa da teburin Baba kina kallon yana gyaran agogo. Na yi miki alkawari, in hannuna ya faɗa, zan zana miki hannuwansa in aiko. Shi ma kwanan nan hannu a aljihu yake yawo, na ce ko samarina yake kwaikwaya.

Ki gaishe da ƙawayenki na ɗaki.

Taki har kullum,
Auta

*

Yayata,

Sallama da gaisuwa irin ta kewa. Ina fatan kin warke daga murar da kika ce tana damunki. Mu duk lafiya lau, sai godiyar Allah.

Arba'in da shida! Na gano cewa tafin hannu akwati ne, yatsu kuma sanduna masu gaɓa uku-uku, ban da babba mai biyu. In na fara da akwatin, ayaba ba ta fitowa. A mota nake satar hannun mutane, littafi a ɓoye cikin jaka. Jiya wata mata ta kama ni ina kallon hannunta, ta yi maza ta rufe zobenta. Har na sauka ban ƙara ɗaga kai ba.

Bari in ba ki wani labari mai daɗi. Yanzu Umma ce ke sa wa Baba maɓallin wuyan rigarsa kowace safiya. Na leƙa ta labule na gani, yana tsaye ya ɗaga haɓa, ita tana ɗage. Yaya, zuciyata narkewa ta yi. Shekara ashirin da biyar da aure! Wa ya ce sai a littafi?

In an tashi makaranta shago nake wucewa. Yana nan yadda kika bar shi: agogunan bango kowanne da lokacin da ya ga dama, fitilar tebur mai lanƙwasasshen wuya, gilashin ido ɗaya a goshin Baba, da farantin sukurorin nan da ba su kai ƙwayar riɗi ba. Ina zama kan kujerarki mai gajeriyar ƙafa. Shekaranjiya sau uku sukuru yana kuɓuce wa hantsakinsa, ina rarrafe ina nema. Ya ce sukurorin zamani fukafukai gare su.

Ga damuwata. Hannunsa na hagu ya fito min tun zaman farko. Na daman ne ya ƙi. Kin san tudun naman nan da ke gindin babban yatsa, wanda a littafinki yake kamar cinyar kaza? Duk sanda na zo wurin, sai fensirina ya yi rami kamar cikin cokali. In goge, in cike shi yadda littafi ya nuna. In sake kallon hannun, fensir ya sake yin rami. Sau bakwai ina gogewa.

Na kai wa Malama wanda na gyara, ina jiran yabo. Ta ɗaga takardar saitin taga. Wurin ya yi siriri har haske na ratsa shi. Ta ce me na yi ta gogewa a nan. Na ce kuskure ne. Ta ce, "Kuskure sau bakwai a wuri guda? Kuskure bai da wannan nacin. Da can ɓoyewa kike yi, yanzu kin koma kwalliya. Koma ki duba."

Maganar ta yi min zafi, amma zan koma. Hannu ɗaya ba zai gagare ni ba.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ya shirin jarrabawa? Allah ya ba da sa'a. Ki samu wuri ki zauna kafin ki buɗe takardar da na naɗe a ciki.

Na koma na duba. Ran Talata na roƙi Baba ya shimfiɗa tafukansa biyu a kan tebur ƙarƙashin fitila. Ya ɗan yi jinkiri, ya ce ko duba na koma yi. Na auna da fensir yadda Malama ta koya mana, na hagu, na dama, na sake na hagu. Na bar fensirin ya bi abin da idona ya gani.

Yaya, ba kuskurena ba ne. Naman wurin ne babu. Ya zaizaye.

Ina zanen, abubuwa suna ta dawo min. Hannu a aljihu. Sukurori masu fukafukai. Kofin shayi da yake riƙewa da hannu biyu. Ƙananan agogunan mata da suka taru a durowa, yana ce wa masu su kayan gyara ne ba su iso ba. Da maɓallin nan. Ni sakarya ina bayan labule ina narkewa, ashe yatsunsa ne ba sa iya kama maɓalli.

Da na gama ya karɓa ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Uwata, hannunki ya faɗa." Rabon da in ji daɗin magana irin haka na manta. Sai ya ce, "Wannan ne na Yayarki? Ɗan ƙara min nama a nan, kada ta ce Ummanku ba ta ba ni abinci." Bakinsa na dariya, idonsa ba ya yi. Ya ce jarrabawa ce a gabanki, in kin gama a yi maganar. Ya ɗauko robar gogewa da hannun hagu ya miƙo min.

Na karɓa. Kin san tunda nake ban taɓa ce wa Baba a'a ba, ko ido ban iya haɗawa da shi. Robar tana hannuna, agogunan bango suna ta bugawa kamar kowanne da shawararsa. Gogewar ba za ta ɗauke ni minti ɗaya ba, na riga na ƙware a kanta. Sai na ji muryata ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba zan goge ba." Ya ce Malama ce ta hana? Na ce ba Malama ba ce, ni ce.

Ya juya fitilar ya koma kan aikinsa. Da muka tashi yana gaba ina baya har gida, hannunsa a aljihu. Yau kwana uku ban ji "Uwata" ba. In zai aike ni sai ya ce wa Umma, "Gaya wa yarinyar nan."

Na tsare Umma a wurin wanki. Ta yi ta kauce-kauce, daga baya ta share ido da bayan hannu ta faɗa min. Wata takwas ke nan. Babban yatsa da biyun da ke biye da shi suna mutuwa, wani lokaci kamar ana tsira musu allura, da safe sai ya yi ta yarfe hannun kafin ya dawo. Ya hana ta faɗa. Tsoronsa in an taɓa hannun da wuƙa shi ke nan, kuma in labari ya fita cewa hannun mai gyaran agogo ya samu matsala, wa zai ƙara kawo masa agogo?

Ni ban san sunan ciwon ba. Abin da na sani, a watan da na yi ina gogewa ramin bai tsaya jirana ba. Ga zanen nan, hagu da dama, ban ƙara ba ban rage ba. Na gaya wa Baba da bakina cewa yau zan aiko, don kada ya zama na yi a bayan idonsa.

Ki yafe min da na ɗora miki wannan ana gab da jarrabawa. In fushi zai yi da ni shekara, ya yi, in dai da hannunsa.

Taki,
Auta

*

Zuwa ga Yayata abar alfaharina,

Gaisuwa da fatan alheri. Barka da gama jarrabawa, Allah ya sa a ga sakamako mai kyau. Umma ta ce ki taho da duk kayan wankinki, ta san halinki.

Kin ce in rubuto miki komai tunda ba ki samu zuwa ba. Ranar da kika nuna wa malaminku zanen kika kira Baba, ina tsakar gida ina jin sa yana ta "to, to, na ji", kamar ni a waya. Da ya ajiye ya ce ya haifi 'ya'ya mata biyu, ɗaya ta kai ƙara, ɗaya ta yanke hukunci.

Ni na raka su asibiti. Likitan ya ce yadda malaminku ya zata ne: jijiya ce ta matse a wuyan hannu, shekara da shekaru na riƙon hantsaki. Ya ce da an ƙara wasu watanni, da abin da za a ceto kaɗan ne. Bai yi mana daɗin baki ba. Yana sa ran jin yatsun zai dawo, amma naman ba lallai ya cika kamar da ba. Umma ta miƙa masa kwafin zanen da na ajiye, ya ɗora kusa da hannun Baba yana kallon wannan yana kallon wancan, ya tambayi wa ya zana. Ni dai ƙasa nake kallo. Baba ya ce, "Wata mai taurin kai ce a gidana."

Aikin bai daɗe ba, a ranar muka dawo gida. An cire zaren makon jiya. Tabon ɗan siriri ne, daga wuyan hannu zuwa cikin tafi. Har yanzu bai iya ɗaukar sukuru ba, manyan agogunan bango kawai yake taɓawa, kuma ya kira masu ƙananan agogunan nan ɗaya bayan ɗaya ya gaya musu gaskiya. Biyu sun karɓi nasu. Sauran sun ce za su jira.

Hannuwana sun kai casa'in da tara ran Alhamis. Na tara samarina goma sha huɗu na fara ciro musu hannu daga aljihu. Biyu sun fito da yatsu kamar na mai dambe, amma da koyo akan iya.

Na ɗarin na rasa na wa zan yi. Jiya ina shara sai na ji daga ƙofa, "Uwata, ɗauko fensirinki." Yaya, tsintsiyar ta faɗi ban sani ba.

A shago ya jawo min kujerarki, ya lanƙwaso fitila, ya shimfiɗa hannun dama. Ya ce in zana har da tabon, in rubuta kwanan wata a ƙasa, kuma duk Asabar haka za mu riƙa yi, mu ga ko ramin zai cika ko ba zai cika ba. Na zazzage jakata a tebur ina neman abin fiƙe fensir, robar gogewa ta gangaro gabansa. Ya sa babban yatsa da manuni zai ɗauka, ta zame. Ya sake, ta zame. Na ƙudurta ba zan taimaka ba. A karo na uku ya kama ta, ya ɗaga ta saitin fitila kamar ya tsinci zinariya, ya jefa a aljihu. Ya ce aljihun ya saba da ajiya, kada a bar shi haka nan.

Ya mayar da hannun kan tebur, na fara da akwatin tafi.

Sai kin iso. Allah ya kawo ki lafiya.

Ƙanwarki mai taurin kai,
Auta