Ƙarfen da Muke Ci a Tuwo

Zuwa ga Shugaban masu injin niƙa na yankinmu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da jama'arka.

Ni malamar firamare ce a Likoro, na haura hamsin. Na daɗe ina shan gori a gidana wai ban iya rege masara ba, don tuwona yana garas-garas a haƙori. Na wanke, na rege, na tankaɗe, bai daina ba.

Na farko. Makon jiya na ɗauko maganaɗisun da nake koyar da ɗalibai da shi, na tura cikin garin da aka niƙo mini. Ya fito da baƙin gemu. Ranka ya daɗe, ashe ƙarfe ne muke kira tsakuwa. Na gwada na maƙwabta, duk haka. Na gwada garin turmi, ya fito fes.

Na biyu. Na je na tsaya a kan mai injin. Farantan ƙarfen nan biyu masu murƙushe hatsi, ɗaure su yake tamau har suna cin juna, saboda mu mata mun dame shi sai gari ya yi laushi. Wannan laifinmu ne, na karɓa. Amma shi da bakinsa ya ce faranti ba ya daɗewa yake shafewa ya sa sabo. To ina haƙoran tsohon farantin suka tafi? Ban ga an share su a ƙasa ba.

Na uku. Baƙin man da aka juye daga mota shi yake ɗurawa inda ƙarfe ke juyawa, yana tsiyaya dab da mafitar gari.

Jikata da aka yaye watan jiya kokon garin nan take sha, cikinta ya ƙi zama, tana ta ramewa. Ba ni da hujjar ƙarfen ne. Kai ma ba ka da hujjar ba shi ba ne, don babu wanda ya taɓa gwadawa.

Ina roƙonka ka kai farantan nan wurin masana ƙarfe a Zariya, su auna yadda suke cinyewa, su faɗi wanda ya dace da abinci. Ka hana tsohon mai. Ka gaya wa mutanenka su sassauta ɗauri, ni zan ji da matan.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare maka 'ya'yanka. Na tambaya, an ce su ma a injin nan ake musu niƙa.

Wassalam,
Malama Hajara, Likoro.